Asirin Wa Muke Rufawa?

Gabatarwa

Na san mai karatu ya saba buɗe wannan mujalla ya tarar da waƙoƙi da gajerun labarai da wasannin kwaikwayo, ya karanta ya yi nishaɗi, ya ajiye sai baɗi. Ina neman afuwa, domin bana na zo da abin da ba shi da daɗin ji, kuma na san akwai waɗanda za su ce Malam ya tona mana asiri a gaban baƙi. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganar da nake tafe da ita ita ce ta duka da zagi da tsoratarwa da ƙuntatawar da wasu ɗalibai maza ke yi wa 'yan matansu da sunan soyayya, da kuma yadda mu malamai da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai da abokai muke taruwa mu binne maganar da sunan rufin asiri. Da'awata ita ce, wannan rufin asiri namu shi ne takin da ɓarnar take girma a kansa. Amma kafin in nuna kowa da yatsa, bari in fara da kaina.

Laifina

Wasu shekaru da suka wuce, wata ɗaliba 'yar aji uku ta shigo ofishina da hantsi, ta kawo aikin da ya kamata a ce ta kawo tun makon da ya gabata. Ta ja mayafinta ta rufe gefen fuskarta na hagu. Da na tambaye ta abin da ya same ta, sai ta ce, "Malam, ƙofa ce ta buge ni." Na ce Allah ya sawwaƙe, na karɓi aikin, ta fita. Bayan kwana biyu ƙawarta ta zo ta faɗa mini gaskiya. Saurayinta ne ya mare ta. Ɗan aji huɗu ne, yana riƙe da muƙami a ƙungiyar ɗalibanmu, yaro mai fara'a da gaisuwa har ƙasa, wanda in ya hango ni daga nesa zai sheƙo ya karɓi jakata. Laifinta kuwa shi ne ya yi ta kiran wayarta tana cikin lacca ba ta ɗauka ba, da aka tashi kuma ya gan ta tana tafe da wani ɗan ajinsu.

Me na yi? Na yi abin da aka saba yi. Na kira su duka biyun na zaunar da su a ofis ɗaya. Na yi masa faɗa, ya durƙusa, ya zubar da hawaye, ya ce, "Malam, sharrin Shaiɗan ne, kuma son da nake yi mata ne ya yi yawa." Na juya gare ta na ce, "'Yata, ki yi haƙuri, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Kuma kin ga nan ba gida muke ba, kada mu bari a ji kanmu." Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Malam." Na koma gida ina jin na yi aikin lada.

Ba ta zauna jarrabawar zango na biyu ba. Sai daga baya na ji cewa a daren ranar sulhun ma sai da ya sake dukanta, wai ta kai ƙararsa wurin malami ta zubar masa da mutunci. Wani marin da ya biyo baya ya taɓa mata kunne. Ta tattara kayanta ta koma gida, ta ce wa iyayenta karatun ne ya gagare ta. Shi kuwa ya kammala digirinsa lami lafiya, kuma kafin cikakken labarin ya iso gare ni, da hannuna na rubuta masa takardar shaidar kyawun hali. Tun daga lokacin tambaya ɗaya ta ƙi barina: a wancan zama, asirin wa na rufa? Nata dai ban rufa ba, domin ta rasa karatunta da lafiyar kunnenta. Nasa na rufa, da na ƙungiya, da nawa.

"Ai Wannan Ba Halinmu Ba Ne"

Amsar farko da akan ba mai irin wannan magana ita ce, ai wannan abu tsiraru ne ke yin sa, kuma ɗabi'ar wasu ce, ɗan Bahaushe ba ya yi. Bari mu dubi alƙaluma. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta fuskar jima'i, kuma daga cikin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 24 da suka taɓa yin saurayi ko miji, ɗaya cikin huɗu ta ɗanɗani wannan a hannun abokin zaman nata. A nan gida, binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya gano cewa kashi 31 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu tun daga shekara 15, kuma kashi 55 cikin 100 na waɗanda aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Waɗannan alƙaluma ba na ɗalibai kaɗai ba ne, amma shekarun ɗalibanmu suna cikinsu, kuma ban san wata katanga da ta kewaye jami'a har ta hana halin gari shigowa ba. Mai karatu ya riƙe adadi na ƙarshe da kyau, domin shi ke bayyana dalilin da ya sa muke zaton babu matsala: fiye da rabi shiru suke yi.

Wani lokaci kuma shirun yakan ƙare da gawa. A watan Oktoba na 2023 an tsinci gawar wata ɗalibar Jami'ar Fatakwal a ɗakin saurayinta, wanda shi ma ɗalibi ne a jami'ar. A watan Satumba na 2022, a unguwar Janbulo ta birnin Kano, wani ɗan ƙasar Sin ya shiga har gidan iyayen budurwar da ya yi soyayya da ita ya daɓa mata wuƙa ta mutu, kuma a watan Maris na 2024 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa hukuncin kisa. Kudu da Arewa ke nan.

A 2019, lokacin da sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC ya fallasa malaman jami'a masu neman ɗalibai mata a bakin maki, a Legas da Gana, kowa ya tashi tsaye, kuma haka ya kamata. Amma na lura fushinmu yana da zaɓe. In malami ne ya ci zarafin ɗaliba, mun san sunan abin. In ɗalibi ne ya kumbura wa budurwarsa ido, sai mu ce "maganar soyayya ce, kada a shiga." Da wannan yaro zai mari wani ɗalibi namiji a ɗakin cin abinci, da tuni an gurfanar da shi gaban kwamitin ladabtarwa. Wace doka ce ta ce mari yana raguwa in an riga an ce wa wadda aka mara "ina son ki"?

Kalmomin da Aka Yi wa Fashi

Ni ɗalibin harshe da adabi ne, saboda haka bari in kama maganar ta wajen kalmomi, domin da su ake yi wa ɓarna ado.

Ta farko ita ce kishi. Abin ba ya farawa da mari. Yana farawa da kulawar da takan burge yarinya: kira safe da rana da dare, rakiya daga aji zuwa ɗakin kwana. Sai a wayi gari ya nemi lambar sirrin wayarta, wai masoya ba sa ɓoye wa juna komai. Sai ya fara bin saƙonninta na WhatsApp ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ce ta fita daga rukunin tattaunawar ajinsu, domin akwai maza. Sai ƙawarta ta kusa ta zama 'yar iska mai hure mata kunne, tilas a rabu da ita. Sai ya ce ta turo hoton inda take a kowane lokaci. Duk wannan, ƙawaye suna cewa, "Kai, wane yana ji da ke, ga kishi!" Ranar da marin farko zai sauka, ya riga ya sare duk rassan da za ta kama. Wani masani ɗan Amurka, Evan Stark, ya yi littafi guda a 2007 a kan wannan salon mallaka ta hanyar tilastawa, kuma tun 2015 dokar Ingila ta mayar da shi laifi mai zaman kansa ko da ba a taɓa jikin mutum ba. Mu kuwa har yanzu yabonsa muke yi. Kishi motsin zuciya ne da kowane mai so yake ji, amma mai hankali yakan haɗiye shi ko ya faɗe shi da baki. Wanda ya mayar da kishinsa ƙa'idar da wata za ta rayu a ƙarƙashinta, gandiroba ya zama.

Ta biyu ita ce haƙuri. Babu kalmar da Bahaushe yake girmamawa kamar wannan, kuma babu wadda aka fi zaluntar mata da ita. Kakanninmu da suka ce mahaƙurci mawadaci, haƙuri da ƙaddara suke nufi, da fari da rashi da ciwo da halin mutane na yau da gobe. Ba su ce ka miƙa wuyanka ga mai wuƙa ba. Ku lura da wanda ake ba wa haƙurin a zaman sulhu. Shi an ce masa "kada ka sake", wato an ba shi shawara. Ita an ce mata "ki yi haƙuri", wato an ɗora mata aiki. In ta ƙi, ita ce mai taurin kai da ta watsa wa manya ƙasa a ido.

Hawayen da yaron nan ya zubar a ofishina kuwa, da na yi karatu a kan lamarin a lokacin da ba su ruɗe ni ba. Tun a 1979 wata masaniyar halayyar ɗan'adam, Lenore Walker, ta bayyana yadda abin yake zagayawa a yawancin irin wannan zama: da farko zaman ɗar-ɗar, tana taka-tsantsan kada ta ɓata masa rai, sai fashewa, wato duka ko zagi, sai nadama da kuka da kyauta da rantsuwar ba zai ƙara ba. Daga nan a koma farko. Nadamar wani sashe ce ta tarkon, domin ita ke sa yarinya ta ce, "Ai ba haka yake ba, in ka gan shi yana cikin natsuwa." Ita ce kuma amsar masu tambaya, "To, me ya hana ta rabuwa da shi?" So hana ganin laifi, in ji Hausawa. A haɗa shi da tsoro, da kunya, da rashin wanda za a faɗa wa, sannan a ga ko rabuwar tana da sauƙi.

"Na Kashe Mata Kuɗi"

Akwai wata hujja da ta fi waɗannan muni, kuma na sha jin ta daga bakin ɗalibai masu hankali. Wai yaro ya saya mata waya, yana sa mata kati, ya taɓa cika mata kuɗin makaranta, saboda haka yana da iko da ita, in kuma ta juya masa baya ta ci amana, duk abin da ya same ta ita ta jawo. A shari'ar Kano da na ambata, wanda ake tuhuma ya zayyana wa kotu maƙudan kuɗin da ya ce ya kashe wa marigayiyar, kuma abin takaici, a dandalin sada zumunta mutane da yawa sun bar maganar ran da aka kashe suka koma lissafin kuɗi. Wannan ya nuna cutar tana jikinmu, ko da kuwa mai wuƙar baƙo ne.

Al'adarmu ta san toshi, ta kuma san abin da ake yi in neman aure ya watse: magabata su zauna, a mayar da kayan da ake mayarwa, in abin ya gagara a je gaban alƙali. Ba a taɓa cewa a fanshe toshi da jini ba. Wanda yake ganin kuɗinsa ya saya masa 'yar mutane, to ciniki ya zo yi, kuma an daɗe da rufe kasuwar bayi. Ina kuma gaya wa 'yan matanmu gaskiya, ba don in raba laifi ba: kyautar da ake ƙirgawa ana ajiye lissafinta igiya ce. Ranar da ya fara cewa "duk abin da na yi miki", ranar ya fara jan ta.

"Ita Ta Kai Kanta"

Yanzu bari in fuskanci 'yan'uwana masu kishin addini da tarbiyya, waɗanda nake girmamawa. Suna cewa, wa ya aike ta soyayya a makaranta? Karatu aka turo ta yi. Da ta kama kanta, da ba ta je ɗakinsa ba, da haka ba ta faru ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ban zo in halatta keɓewar saurayi da budurwa ba, kuma mai wa'azi ya ci gaba da wa'azinsa. Amma ina da tambaya. In keɓewar laifi ce, ai su biyu suka yi ta. Yaya aka yi ɗaya ya zama mai laifi, ɗayan ya zama alƙali kuma mai bulala? Wane littafi ne ya ba saurayi ikon hukunta budurwa? Shi ba ubanta ba, ba waliyyinta ba, ba hukuma ba. Ko mijin da ya biya sadaki ban ga abin da zai yi alfahari da shi a dukan matarsa ba, tun da Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Balle wanda ko kuɗin gaisuwa bai kai ba. 'Yan'uwanmu Kirista ma ba su da nassin da ya ba saurayi wannan iko.

Illar wannan magana ta "ita ta kai kanta" ita ce, tana miƙa wa azzalumi makami mafi kaifi. Ya san ba za ta iya faɗa wa iyayenta ba, domin tambayar farko ita ce, "Me ya haɗa ki da shi?", ta biyu kuma, "Tattaro kayanki ki dawo gida." Ya san yadda aka sha fama kafin a yarda ta zo Kudu karatu, da yadda wasu dangi suke jiran ranar da za su ce "ai mun faɗa". In yana riƙe da wani hoto nata ko saƙo, to ya gama da ita: "Ki rabu da ni ki gani, sai na tura wa babanki." Ashe tsananin da muke yi wa wadda aka zalunta shi ne jarin mai zaluncin.

Mu tuna tatsuniyar nan ta yarinyar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba, har dodo ya rikiɗa ya zo mata a siffar kyakkyawan saurayi ya tafi da ita daji. Kullum muna koyar da ita a matsayin gargaɗi ga 'yan mata masu ruwan ido. Amma akwai darasi na biyu da muke tsallakewa: a ruwayoyin da na sani, ba a bar ta a hannun dodo ba. Akwai ƙane ko ƙanwa da ya bi sawunta ya kuɓutar da ita. Ko tatsuniyar da ta ga laifin yarinyar ba ta ce a bari a cinye ta ba.

Tsakanin Ƙofar Gida da Harabar Jami'a

A gida, zance yana da shinge. Saurayi yakan zo ƙofar gida ko zaure, ya aika yaro ya yi sallama da yarinya. Ƙannenta suna kai da kawo, maƙwabta suna gani, an san ɗan gidan wane ne, kuma kafin a ba shi sai an yi bincike a kan halinsa da na gidansu. Ban ce wannan tsari ba shi da nasa aibi ba, amma da wuya saurayi ya ɗaga hannu a ƙofar gidan uban yarinya.

A nan kuwa, ko ɗaliba daga Katsina ta zo ko daga Sabo ta Ibadan ko Agege, da ta shigo harabar jami'a wannan shinge ya faɗi. Abin da ya rage mata shi ne mu: ƙungiyar ɗalibai, da 'yan garinsu, da malaman da ke jin harshenta. Mu ne zauren, mu ne maƙwabtan. Kuma da yake mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar jama'a masu yawa, sai muka ɗauki sunan ƙungiya da sunan "'yan Arewa" muka fifita a kan lafiyar 'ya'yanmu. Kada Yarbawa su ji, kada Ibo su yi mana dariya, kada hukumar makaranta ta sa mana ido. Ina tabbatar muku, maƙwabtanta na ɗaki sun riga sun ji kukanta ta bango. Abin da bai kai kunnensu ba shi ne labarin cewa mun ɗauki mataki.

Alhakin Marubuta

Tun da mujallar adabi ce wannan, tilas in juyo kanmu. A farkon shekarun 1990, lokacin da ake ta ce-ce-ku-ce a kan littattafan soyayya na Kano, an zargi marubutan da ɓata tarbiyya, alhali wasunsu, irin su Balaraba Ramat Yakubu, sun yi ƙarfin halin nuna zaluncin da ake yi wa mata a gidan aure ba tare da sun shafa masa zuma ba. Yau fa? Duk mai bibiyar labaran da ake rubutawa ana rarrabawa ta waya ya san wani tauraro da ya zama ruwan dare: attajiri, kyakkyawa, miskili, wanda zai fara da wulaƙanta yarinya, ya daka mata tsawa, ya murɗe mata hannu, ya mare ta, wani lokaci har ya yi mata fin ƙarfi, sannan a babi na arba'in a gano ashe so ne yake ɗawainiya da shi. Ita kuma ta yi ta haƙuri har ta ci riba. Yarinya 'yar shekara 16 da ta karanta irin wannan guda hamsin kafin ta shigo jami'a, an riga an fassara mata marin farko tun kafin ya sauka. Yaro kuma ya koyi cewa tsawa ita ce kwarjini.

Ban ce kada a rubuta mugu a labari ba. Adabin da babu mugunta a cikinsa ƙarya ne. Abin da nake ƙi shi ne a yi wa mugunta kwalliya a ɗaura mata aure da jin daɗi. A cikin rubuce-rubucen da ɗalibai suke kawo mini ma nakan ci karo da wannan tauraro. Ku rubuta shi, amma ku bi yarinyar zuwa asibiti, ku bi ta zuwa tashar mota ranar da ta bar makaranta, ku nuna mana abin da aka yi asara.

Na san wani zai ce, maza fa? Gaskiya ne, akwai 'yan matan da suke marin samari, da masu tozarta su a bainar jama'a, da masu tatsarsu da barazana, kuma namijin da abin ya same shi ya fi kowa shiru saboda gudun dariya. Hukuncin ɗaya ne, ƙofar ma ɗaya ce. Sai dai kada a yi amfani da wannan a toshe bakin magana, domin waɗanda suka fi kwana a asibiti da barin karatu mun san ko su wane ne.

Abin Yi

Ga malamai 'yan'uwana da shugabannin ƙungiyoyi: mu daina sulhun ofis ɗaya. Inda aka yi duka, zaunar da su tare tilasta mata yin ƙarya ne a gabansa, kuma ita za ta biya kuɗin zaman da dare. A ji ta bakinta ita kaɗai, a gaban mace in ta fi so, kada a fara da "me kika yi masa?" A raka ta asibitin makaranta a rubuta raunin. A kai maganar ofishin kula da harkokin ɗalibai da saninta. Ina kuma kira ga wannan sashe ya ware malama ko ma'aikaciya guda da kowace ɗaliba za ta san ƙofarta a buɗe take, ƙungiyoyinmu kuma su rubuta a tsarin mulkinsu cewa wanda aka tabbatar ya doki ɗaliba ya sauka daga muƙami.

Mu sani kuma doka ta riga mu yin gaba. Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, da mafi yawan jihohi suka amince da ita, ta haramta raunata mutum da tsoratar da shi da bibiyarsa, har da cin zarafi ta hanyar zagi da ƙuntata zuciya, kuma ba ta ce sai an yi aure ba. Ta ba kotu ikon hana mai cin zarafi kusantar wanda yake cuta. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta aika saƙonnin barazana. Jihar Legas tana da tata dokar tun 2007, kuma a 2021 ta kafa hukuma ta musamman a kan cin zarafi a gida da fyaɗe.

Ga ɗalibata da take karanta wannan tana ganin kanta a ciki: 'yata, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wanda ya mare ki yana neman ki, kada ki zaci ɗaurin aure zai sanyaya masa hannu. Alamu biyu kada ki yi wasa da su ko na kwana ɗaya. In ya taɓa shaƙe miki wuya, wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya nuna haɗarin kisa yana ninkuwa kusan sau bakwai. In kuma ya taɓa cewa in bai same ki ba babu mai samun ki, ki ɗauka da gaske yake. Lokacin rabuwa shi ne mafi haɗari, saboda haka kada ki je "zancen ƙarshe" ke kaɗai, kada ki je ɗakinsa karɓo kaya. Ki adana saƙonninsa, ki canza lambobin sirrinki, ki faɗa wa wata babba da kika amince da ita. Faɗan iyaye na kwana biyu ne.

Ga samari kuma: wanda yake dukan budurwarsa yana da abokai, kuma sun sani. Kai da kake cin abinci kwano ɗaya da shi, kana jin yana fahariyar ya "gyara mata zama", ka yi dariya, kana da kamasho a cikin marin gobe. Ka gaya masa gaskiya, in ya ƙi ji ka kai maganar gaba. Kai kuma da ka ga halinka a cikin wannan rubutu, ka daina jingina wa Shaiɗan. Ba ka taɓa marin malamin da ya kayar da kai jarrabawa ba, ba ka taɓa marin sojan da ya tsayar da kai a hanya ba. Ashe kana iya riƙe hannunka, zaɓen inda za ka sake shi kake yi.

Kammalawa

Rufin asiri kyakkyawar ɗabi'a ce in an yi ta a muhallinta: a suturta wanda ya yi kuskure tsakaninsa da Ubangijinsa, a taimaki mabuƙaci ba tare da an yayata shi ba, a ɓoye sunan yarinyar da aka cuta domin kada a yi ta yawo da ita a baki. Wannan na ƙarshe shi ne rufin asirin da ya wajaba a kanmu, kuma shi ne muka bari. Na sha neman hanyar da zan roƙi gafarar waccan ɗaliba tawa, Allah bai nufa ba. Abin da ya rage mini shi ne kada in sake, kuma in roƙi abokan aikina kada su maimaita kuskurena. Duk wanda yake ganin na yi tsanani, shafukan wannan mujalla a buɗe suke baɗi, ya zo da hujjarsa. Amma in wata ta shigo ofishinka gobe ta ce ƙofa ce ta buge ta, don Allah ka ajiye alƙalami, ka ba ta kujera, ka sake tambayar ta.